Ban Goge Ka Daga Allo Ba

Ya sanyin idona, inuwar da na samu bayan rana ta gama gasa ni, kafintana mai furfura a gemu da garin katako a hula, ga gaisuwa daga zuciyar da ba ta iya zama in ba kusa da kai ba!

Saƙonka ya same ni a wurin aiki, ina zaune gaban makirufo. Layi uku kacal! Wai 'yarka ta fari ta ce mun yi latti, kai hamsin da uku, ni arba'in da huɗu, mutane za su yi mana dariya, don haka a dakatar da maganar aurenmu sai an ga abin da hali ya yi. Haba, Malam! Ni za a karanta wa latti? Ni da na shekara goma sha tara ina sanar da makarar jiragen ƙasa a tashar nan, da Hausa da Turanci, har muryata ta soma dushewa? Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba.

Zauna in koya maka aikina. Kalmomi uku Turanci ya ba mu, kuma ba a cakuɗa su. In mai shara ya shigo takwas da kwata, latti ya yi, a ja masa jan biro. In jirgin kamfani ya ɓata awa huɗu a hanya, wa ya isa ya ce latti? Sai a ce in ce "dile", wato jinkiri, da murya mai taushi, in haɗa da ban haƙuri: laifin ba na kowa ba ne, kuma jirgi yana tafe. Ta ukun ita ce "kansal", wato babu zuwa. Wannan ba ta fita daga bakina sai shugaban tasha ya sa hannu a takarda da kansa, sannan in tashi in goge jirgin daga allo. Muddin babu hannu, ko fasinjoji za su cinye ni ɗanya, jirgi yana nan a rubuce.

Kai ne fa ka fara tambayata. Ka manta? Ranar da ka zo tarbar mahaifiyarka, ka leƙo tagata ka ce in fassara maka wannan Turancin, shin tsohuwa za ta zo ko ba za ta zo ba. Na ce za ta zo. Awa uku ka tsaya. Ka lura kujerata tana ɗingishi, ka zaro guduma daga jaka ka daidaita mata ƙafa, ina sanarwa a tsaye, dariya na neman ƙwace min a lasifika. A kanta nake rubuta maka yanzu, ba ta ƙara motsi ba. Da jirgin nan ya zo a kan lokaci, ya masoyina, ina zan gan ka? Ina za ka gan ni?

To wa zai ja mana jan biro? Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina jinyar Baba, na aurar da ƙanne huɗu kafin in ɗaga kai in dubi madubi? Ko kai da ka raini yara uku da hannu ɗaya bayan rasuwar mahaifiyarsu? A hanya aka tsare mu, ba barci muka yi ba. Ruwan ƙarshen damina ne kai a wurina, wanda ke sauka bayan an fid da rai, kuma shi ke cika ƙwayar hatsi. Sannu ba ta hana zuwa. Masu dariya su yi har haƙoransu su bushe! Ina suke lokacin da nake komawa ɗaki ni kaɗai, ba mai ce min sannu da aiki? Kewarka ta hana ni sakat. Jiya sau biyu na kira jirgi ɗaya.

'Yarka kuwa ban riƙe ta a zuciya ba. Tsoro take ji, na gane. Ka gaya mata ban zo in goge mahaifiyarta daga ko'ina ba.

Amma kai, ba zan karɓi "sai an ga hali" daga gare ka ba, don na san irin wannan maganar: ita ake faɗa wa fasinja in ana so ya gaji ya tafi da kansa. Ni ba zan gaji ba. Kawu, waliyyina, yana nan a kan bakansa, ranar Asabar ƙarfe huɗu zai zauna jiran manyanka. Ku zo ƙarfe biyar, ku zo ƙarfe shida, ni zan ba da haƙuri da murya mai taushi, aikina ne. In kuwa kansal kake nufi, kada ka aiko yaro, kada ka turo saƙo. Ka zo tagar nan da ƙafarka, ka dubi idona ka faɗa.

Na san ba za ka iya ba.

Taka, yau da gobe da ranar da murya za ta ƙare,
Mai sanarwa, wadda har yanzu ba ta ɗauki tsumman goge allo ba.