Littafin Ɗanki da Shafukan da Nake Tsallakewa

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, idon ne dai sai a hankali.

Littafin da ɗanki ya rubuta ya iso, na kuma karance shi tsaf. Yaron ya iya jera magana, wannan ba zan hana shi ba. Amma abin da ya kira ƙagaggen labari gidanmu ne, launin ƙofa kawai ya sauya. Ni ya mai da ni wani kawu mai tumbi da ke yi wa rediyo gyaran magana. Ban damu ba, duk da sanƙon da ya ƙara min. Abin da ya tayar min da zuciya shi ne babin jinyar Baba. Zanen gadon da muke wankewa kafin maƙwabta su tashi, ranar da ya kasa gane Inna, kukan da ya yi a banɗaki, duk yaron ya baje su a kasuwa. Abin da muka rufe da hannunmu, jikansa ya yaye don a kira shi marubuci. Tir.

Ga inda matsalar take. Inna ta ji jikanta ya yi littafi, ta ce lallai in riƙa karanta mata bayan la'asar. Ina karantawa ina tsallake, wani wurin in yi masa kwaskwarima da baki. To kin san Inna, ido ya tafi amma kunne na nan. Jiya ta dafa min gwiwa ta ce, "Takardu kake ta juyawa, magana kaɗan nake ji." Yanzu wai 'yar maƙwabta za ta kira ta karanta mata, tunda ni na zama maha'inci.

Na ɓoye littafin a ƙarƙashin kujerar mota, na ce bangonsa ne ya ɓalle na kai gyara. Wannan ƙaryar ba za ta yi nisa ba. Ba na so ta ji babin nan daga bakin bare. Ki ce wa ɗanki ya zo. Shi ya rubuta, shi zai zauna gabanta ya karanta yana kallon fuskarta. Na lanƙwasa masa gefen shafin don kada ya wahala wajen nema.

Ki gaida mai gidanki da Auta da 'yan biyu. Marubucin kuwa, gaisuwarsa na nan ajiye tare da shafin, sai ya zo.

Ni ne,
Yayanki