Taurarinka Sun Taɓa Limancin Baba

Ƙanina Dokta Sani,

Assalamu alaikum. Yayanka Habu ne. Ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Ya Hajara da yara? Mu nan lafiya lau, gero ya yi kyau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Madalla da hirarka a rediyo, ka fitar da mu kunya. Har a kasuwar hatsi ta Ɗambatta an yi tsit. Ka ce shekara da shekaru kana bin sawun wani abu mai duhu, ba a ganinsa, amma nauyinsa ke riƙe da taurari kada su watse. Wai masanan duniya na kafa hujja da rubuce-rubucenka. Na sara maka, ni ban taɓa iya tallar buhun da ba a gani ba.

To, gari ya ɗauka ɗan liman ya zama mai duba. Jiya wata ta zo wurin Inna, a tambayo ka ranar sa'a don tarewar 'yarta. Sahun Baba ya ragu, na'ibinsa kuma yana zuga a canja liman. Baba ya daina cin abinci, ni na kasa zama a rumfa.

Ka turo bayani da muryarka ta waya kafin Juma'a, in kunna a ƙofar masallaci. Ka ce lissafi ne da na'ura.

Inna na gaishe ku. A sa Baba a addu'a.

Amma tsakanina da kai, mai kallon taurari yana ba da labarin abin da ba a gani, a garinmu me ake ce masa?