Lallen da ya hana ni shinkafa

Zaituna,

Na leƙa na ishe ki kina barci da jaririyarki Raihana, ban tashe ki ba. Roda maƙwabciya ke rubutawa, ni ke faɗi.

Na koma Kurfi wajen rabon shinkafar gwamnati ta tsofaffi. Jiya da na dawo hannu rabbana gajiya ta hana ni yi miki bayani. Tun hantsi nake kan layi har la'asar, da aka zo kaina na'urarsu ta ƙi karɓar yatsana. Wai lallen da kika ƙunsa mini na sunan Raihana ne ya rufe zanen yatsan. Ma'aikacin ya ce, "Iya, je ki ki goge shi." Na ce ɗan nan, lalle ai ba kwalli ba ne. Yau kuma suke rufewa.

Na dirje babban yatsan da lemun tsami da toka har ya ɗaye, zafi yake mini. Ba laifinki ba ne, ni na miƙo hannun.

Geron da ya rage a tukunya kada ki taɓa shi. Cikin wanda na ranto wurin Hajiya Nuriyya ne, na ce mata yau zan biya da shinkafa. In ban samo ba, gara ta ga ragowar abinta. Ki dama kunu da garin da ke ƙwarya ki sha duka, ke ke shayarwa. Ni na sha ruwa.

In na'urar ta sake ƙina, sai su faɗa mini ko ni wace ce.

Iya