Tun da Na Dawo daga Taron Jam'iyyu Baba Ya Daina Cin Tuwo

Iya Maijidda, don Allah ki taimake ni. Bakina ya jawo abin da ke neman kashe mahaifina.

Ni direba ne, a Ƙofar Kibo nake, cikin birnin Zariya. Ba ni da katin kowace jam'iyya, duk wanda ya yi shatar mota shi nake ɗauka. Da soja suka buɗe siyasa, ni na kai wakilan jam'iyyu biyu babban taronsu na tsai da ɗan takarar shugaban ƙasa. A na farko an ci an sha, ga manyan riguna kamar ranar salla, amma mutanen da na ɗauko ko zama ba su gama yi ba aka sanar da wanda aka tsayar. A na biyu filin makaranta muka kwana, da rogo da ƙuli, ana ta waƙar talaka. Na ce to, ga mutanen kirki. Sai wani dattijo ya miƙe zai yi tambaya, aka yi masa ihu, aka fizge hularsa, aka ingiza shi waje. Har yau ina ganin furfurarsa.

A zauren Baba ake ciyayya tun kafin a haife ni. Bayan magariba kowane gida ya fito da akushinsa, dattawa su ci tare. Malam Labaran ɗan jam'iyyar farko ne, Alhaji Sabo na ta biyu, dukkansu abokan Baba. Ina zuba musu ruwan wanke hannu suka ce in faɗi taron da ya fi. Maimakon in ce duk sun yi kyau, na kwashe komai na faɗa, har da kwaikwayo. Kowa ya yi wa ɗan'uwansa dariya, dariya ta koma gori, har aka tono wanda ya sa aka ɗaure wani a siyasar da. Tun ranar ba wanda ya sake zuwa. Tuwon da muka aika musu ma an dawo da shi ba a taɓa ba.

Idon Baba ya tafi. Kullum sai an kai shi zaure, ya zauna da akushi a gaba yana sauraron takun masu wucewa, a ɗauke akushin yadda aka kawo shi. Bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba. Koko kawai yake kurɓa, ya rame, ina tsoro. Bai ce mini komai ba, wannan ya fi ci mini rai. Ni kaɗai ne namiji, kuma ɗan fari, ko sunana ba ya faɗi, balle mu haɗa kwano. In je in rantse wa abokansa ƙarya na yi?

Direba, Ƙofar Kibo

Ɗana Direba,

Kada ka rantse a kan ƙarya. Abin da ka gani ka gani: taro ɗaya ya ciyar da mutane bai tambaye su ba, ɗayan ya yi musu waƙa ya hana su tambaya. Laifinka shi ne ka mai da dattawa abin dariya a gaban abinci. Su kuma nasu ya fi naka, don wannan gabar ta girme ka, kai dai ka taɓo ta.

Ka sami limamin unguwa ku je wa kowannensu daban. Ka ba da haƙuri kan kwaikwayon, kada ka ambaci jam'iyya, ka faɗa musu halin da abokinsu ke ciki. Mai yiwuwa su zo, mai yiwuwa sai bayan zaɓe. Ba na jin jikin mahaifinka zai jira zaɓe.

Saboda haka yau da magariba ka wanke hannu, ka zauna gabansa, ka buɗe akushin. Na san nauyin kunyar ɗan fari, ni ma ban taɓa kiran nawa da suna ba. Amma an yi kunyar nan don girmama uba ne, ba don a zuba ido yunwa ta ɗauke shi ba. In ya yi shiru, kai ma yi shiru, ka yanki loma ka jira hannunsa.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa ya ci.

Iya Maijidda