Injin Nuru Mai Walda

Birnin Kudu,
Litinin, 4 ga Nuwamba.

Ɗan'uwana Nuru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mas'uda da yara, kuma ƙafar Kawu ta yi sauƙi.

Na ba Bappa direba wannan takarda ne domin mako uku ke nan ba ka ɗaga wayata, tun ranar bikin ƙaddamar da injin ɓare gyaɗa. An ce mini ka tashi tun kafin a rufe taro. Ina so ka fahimci yadda abin yake. Tallafin nan na gwamnati sharaɗinsa shi ne jami'a ta haɗa kai da kamfani mai rajista, wanda zai ƙera abin da aka yi bincike a kai ya shigar da shi kasuwa. Shagonka ba shi da rajista. Shi ya sa jami'armu ta ɗauki kamfanin Alhaji Abdulsalami na nan Birnin Kudu. Ba ni na rubuta dokar ba.

Duk da haka ban manta da kai ba. Alhaji ya yarda ya ɗauke ka shugaban masu waldarsa. Abin da ake buƙata kawai ka sa hannu a takardar da na haɗo, cewa ba ka da ja a kan zanen injin.

Ka gaishe mini da kowa.

Naka,
Dakta Bahauddeen

Gwaram,
Alhamis, 7 ga Nuwamba.

Dakta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Baba ya ji gaisuwarka.

Ga takardarka nan na dawo maka da ita yadda ka aiko ta.

Ka ce na tashi kafin a rufe taro. Haka ne. Na zo sanye da sabuwar shadda, mai gadi ya tambaye ni katin gayyata, ba ni da shi. A bakin rumfa na tsaya cikin rana, ina ji ana cewa a lasifika, “Injin da Dakta Bahauddeen ya ƙirƙiro.” Ka miƙe kana murmushi ana tafi. Ka gan ni, Bahauddeen. Mun haɗa ido, ka juya wajen mai hoto.

Shekara shida na yi ina fama da injin nan. Rariya goma sha ɗaya na lalata kafin ya daina farfasa ƙwaya. Kai ka zo da abin awo da littafi ka zauna a bencina, Mas'uda tana aiko maka da fura, kana cewa, “Yi a hankali in zana.” Na buɗe maka komai domin kai ɗan Gwaggo Batulu ne. Yau kuma in je in yi wa wani walda a kan abin da na haifa da hannuna?

Ka gaida Gwaggo. Ita ba ta yi mini komai ba.

Nuru mai walda

Birnin Kudu,
Litinin, 11 ga Nuwamba.

Nuru,

Assalamu alaikum. Na ga amsarka, kuma tunda tone-tone kake so, bari mu tona.

Sau nawa na ce ka yi rajista? Sau biyu na kawo maka fom har shago. Na farko ka goge baƙin mai da shi. Na biyu ka ce takardun 'yan boko ne, kai aikinka ne shaidarka. Da ka cike shi, da yau sunanka ne a jikin injin, ba na Alhaji ba. Wannan ba ka faɗa wa Kawu ba, ko?

Kana magana kamar zane kawai na yi. Shekara uku ina gwaji, ni na gano gudun da ya dace da kowane irin gyaɗa, ni na rage masa shan mai. A shekara shida inji nawa ka ƙera? Tara. Kamfani ya fitar da ashirin da uku a wata biyu. Matan ƙauye da ke kwana uku suna ɓarar buhu guda da hannu ba ruwansu da wanda aka yi wa tafi.

Kuma ina gaya maka domin zumunci: lauyan kamfani ya ce idan ka ci gaba da ƙera irinsa ba izini, za su iya kai ka kotu. Ni nake tare su. Kada ka sa in gaji.

Wassalam.

Bahauddeen

Gwaram,
Juma'a, 22 ga Nuwamba.

Bahauddeen,

Salamu alaikum. Da ban yi niyyar sake rubuto maka ba. Maganar fom gaskiya ka faɗa, na yi wauta, na kuma gaya wa Baba da bakina. Kotu kuwa ku kai ni, ina nan inda ka sani.

Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne. Shekaranjiya wani mutumin Unguwar Ya ya sauke inji a ƙofar shagona, ya ci kwalata a gaban mutane. Matarsa A'i mai ƙuli-ƙuli ce, ƙungiyarsu ta mata ce ta sayi injin kamfaninku. Tana zuba gyaɗa, bel ya kama bakin hijabinta ya ja hannunta. Yatsu biyu aka cire mata a asibiti. Ya zo wurina ne domin duk yankin nan “injin Nuru” ake kiransa. Wajen tafi ba a san ni ba, wajen jini an san ƙofata.

Na duba injin. Babu murfin bel. Ba faɗuwa ya yi ba, ko ramin ƙusa ba a huda masa ba. Ka san ban taɓa fitar da inji ba murfi ba. Ka san dalili, domin kana tsaye ranar da ya kusa cin hannuna.

Na je na ga matar. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, “Malam, yanzu da me zan murza ƙuli?” 

Tambaya ɗaya nake maka, kuma kada ka amsa mini da dogon turanci. Ka san an cire murfin?

Nuru

Birnin Kudu,
Asabar, 23 ga Nuwamba.

Yaya Nuru,

Wa alaikumus salam. Na sani.

Alhaji ya ce ƙarfe ya yi tsada, a fitar da rukunin farko haka, a sa murfi daga baya. Na yi gardama kwana biyu, ya ce zai janye, in ya janye kuwa tallafin ya tafi. Na sa hannu. 

Ranar Talata ta sama, uku ga wata, kwamitin masu ba da tallafin zai zo duba aiki. Idan suka ji wannan, za su rufe komai, ma'aikata goma sha takwas su koma gida, ni kuma Allah kaɗai ya san makomata a jami'a. Ina roƙonka ka ƙera murafan mu bi injinan mu ɗaura kafin ranar, ba tare da surutu ba. Zan ɗauki nauyin maganin A'i. Zan sa a rubuta sunanka a jikin kowane inji, ko Alhaji ya so ko ya ƙi. Na haɗo sunayen garuruwan da aka kai su.

Ka dubi Allah, ka dubi Inna, Gwaggonka. Hawan jininta ba zai ɗauki wannan ba.

Ƙaninka,
Bahauddeen

Gwaram,
Talata, 26 ga Nuwamba.

Bahauddeen,

Salamu alaikum. Murafai sun samu. Gobe zan fara da Zandam da Dingaya, kafin Lahadi in sha Allah na gama sauran. Ba don kai na yi ba, kuma kada ka sa sunana a jikin komai.

Maganar yin shiru kuwa ba ni ke da ita ba. Na karanta wa A'i wasiƙarka. Ta ce tana so ta ga mutanen kwamitin nan da idonta, su ma su ga hannunta. Ni zan kawo ta, ita da mijinta, ranar da za su zo, ƙarfe goma na safe.

Mas'uda ta ce kada in gaya maka, mu zo kawai. Na ƙi. Kana da kwana bakwai. Ka je ka faɗa wa Gwaggo da bakinka, sannan ka riga mu shiga wurin kwamitin ka faɗi abin da ka faɗa mini. Idan muka iso muka tarar ka faɗa, zan zauna kusa da kai. Idan ba ka faɗa ba, wasiƙarka tana aljihuna.

Ka huta lafiya.

Nuru