'Yata ta ɗaure min keke sai na yarda an liƙa min famfon insulin

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Admin, ka ɓoye sunana da kyau, don rabin Adjamé sun ci gorona. Don Allah ku ba ni shawara, kuma yara masu saka hoton dariya a ƙarƙashin maganar manya, ina ganinku.

Ni dattijo ne, ban tsufa ba tukuna. Lakwal aji uku na yi, da na ga malamin ya fi son bulala da karatu sai na bar masa kayansa. Sana'ata goro, kullum daga Bromakoté nake ɗaura huhu a bayan keke, in bi ta Indénié, in haye gada in shiga Treichville, ina kai wa masu suna da masu ɗaurin aure. Ciwon sukari ya daɗe da ni, allura huɗu nake yi wa kaina a yini, irin mai kama da bik ɗin nan na rubutu. Mutane suna tambaya ta yaya maganin ba ya lalacewa a ranar Abidjan, to a jiƙaƙƙen ganyen goro nake naɗe shi in tura tsakiyar huhu, abin da ke hana goro bushewa shi ke ba maganina sanyi, ko firigo sai haka.

Watan jiya na yi kuskure, na yarda. Na yi allurar safe, kafin in kai loma baki aka kira ni wai goron suna bai isa ba a Treichville, liman har ya zauna. Na ce bari in kai in dawo in karya. A Indénié idona ya rufe, na farka na ga direbobin gbaka, motocin hayar nan, sun kewaye ni, wani na ɗura min ruwan bisap, wato zoɓo, wani na cewa le vieux, wato tsohon nan, ya sha wani abu. Ni da ko taba ban taɓa sa wa baki ba!

Tun ranar gidana ya zama kotu. 'Yata ta biyu, wadda aka haifa nan, tana aiki a faramasi, Hausarta in ta yi sai ka tausaya wa Hausa, ita ta ja ni wajen likita. Suka yi ta Faransanci da sauri don kada in kama, ai kuwa na kama. Wai a daina allura, a sa min wani ɗan famfo kamar ƙaramar waya, a rataye a ƙugu, da siririn tiyo da ke shiga fatar ciki yana ɗiga magani a hankali yini da kwana. Na ce ƙuguna da mai shi, guruna yana wurin tun kafin a haifi uwata ta biyu, wato ke. Ban da haka, mutumin da ke zufa daga safe har la'asar, abin liƙawa zai zauna a jikinsa? Wanka fa? In damina ta cika Indénié ina tura keke ruwa har gwiwa fa? In yaran kasuwar Adjamé suka ɗauka portabul ce, wato wayar hannu, suka fizge fa, su tafi da tiyon da ɗan cikina? Likita ya ba da amsa ɗaya bayan ɗaya, amma yana yi yana kallon 'yata, a nan na fara zargi.

Aka ce a fara gwaji, aka manna min wani abu kamar maɓallin riga a dantse, wai yana auna sukari. Ba wanda ya gaya min ashe munafuki ne. Kwana na biyu ina zaune a Treichville da abokaina, na ci garba ɗan madaidaici, abincin rogon nan da soyayyen kifi, na bi da shayi kofi uku, sai wayar 'yata. "Papa, me ka ci?" Na ce ƙosai biyu. Ta ce Papa ka ji tsoron Allah, ga sukarin nan ina gani a wayata yana hawa. Kafin in iso gida matata Hajiya ta ji, har da yawan kofin ta ƙiyasta, kuma ta yi daidai. Shekara arba'in matar nan ba ta san abin da nake ci a waje ba, muna zaune lafiya.

Amma don kada in ci amanar gaskiya, ranar Alhamis ina tsakiyar gada 'yar tawa ta sake kira tana ihu, in sauka yanzu yanzu in sha sukari. Ni ban ji komai ba, na sauka ne don ta bar kunnena. Ina jingine keken sai ga ƙafafuna suna rawa. Da na ƙara taku ashirin, da tsakanin motoci zan zube. Wannan ban gaya wa kowa ba sai ku.

Yanzu ga inda muke. Keke yana tsakar gida da sarƙa, makulli na cikin jakar 'yata. Ta ce in na yarda da famfo za ta buɗe, in na ƙi sai in zauna a ƙofar gida in sayar a faranti. Ni kuma zuciyata na ce min famfon matakin farko ne, yau za a ce sukari ya hau ka dawo, gobe a ce rana ta yi zafi kada ka fita, jibi a sayar da keken. Na ga yadda aka yi wa wani aminina, da lallashi aka zaunar da shi, yanzu aikinsa kirga masu wucewa. Wallahi zaman nan ya fi faɗuwa ba ni tsoro.

Ranar Litinin ne randebu, wato ranar ganin likita. Wanda ke da famfon nan kuma yake aikin rana da gaske, ba mai zama a ofis ba, ya gaya min, yana jure zufa da keke? Ana iya sa shi a hana shi kai rahoto wayar 'ya'ya, ko ya riƙa faɗar saukar sukari kawai ya yi shiru a kan garba? Ko in tsaya kan allurata in yi rantsuwa ba zan sake fita ban karya ba?

Ke kuma 'yata, in kina cikin guruf ɗin nan, don ban yarda da ke ba, to kin ji abin da ya faru a gada. Na gode. Ki kawo makullin mu yi magana.