Ja da Kore

Assalamu alaikum Inno,

Ina fata kina lafiya, da Baba da Kausar da duk mutanen Agege. Yaya ƙafar taki? Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu.

Sai dai wani abu ya faru da har yanzu na kasa gaskatawa. Kafin a fara koya mana tuƙin jirgin sama, an kai mu gwajin ido. Likita ta nuna mini zane mai ɗige-ɗige, ta ce, "Wace lamba ka gani?" Na ce ban ga komai ba. Sai ta ce idona ba ya bambanta ja da kore, ba zan tuƙa jirgi ba. Inno, ashe ba sakarci ne ya sa nake sayo miki ɗanyen tumatir daga kasuwar Mile 12 ba!

An mayar da ni sashen ƙera injin, kuma ina cin abinci sosai. Don Allah ki lallaɓa Baba ya daina kirana "direban sama" a ƙofar masallaci. Ni na kasa faɗa masa.

A sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Jamaluddeen, daga Turkiyya